Sabulun haɗi ya fara ɓata mini fata, wanne zan koma saya?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, shekara biyu ke nan da aka kawo ni daga Katsina, ina goyon ɗiya 'yar wata bakwai. Tun zuwana Legas jikina ke ƙaiƙayi bayan wanka. Yayar mijina tana haɗa sabulu tana sayarwa ta WhatsApp, ta ce na oganik ne, sabulun salo ne da zuma da kurkur da wasu mayuka, babu kemikal ko ɗaya. Ta ce in riƙa shafawa in bar shi minti goma kafin in ɗauraye, akwai kuma ɗan man da ke zuwa tare da shi. Wata huɗu ke nan ina amfani da su. Da farko na yi haske har ana tanka mini, amma yanzu gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, fuskata na raɗaɗi idan na shiga rana, ƙananan ƙuraje sun feso mini a goshi da haɓa. Idan kuma na kwana biyu ban shafa ba sai abin ya ƙaru. Ina so in koma sabulu mai kyau, amma idan na ɗauki kwali ba na gane abin da aka rubuta, kuma kowanne cewa yake shi ne na gargajiya. Wanne zan saya, har da wanda zan yi wa yarinyar wanka? Yaya kuma zan daina nata ba tare da ta ƙullace ni ba?

Daga wata 'yar'uwa a Agege

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya yarinya.

Kafin maganar wanda za ki saya, ki ajiye wannan sabulun da man nasa daga yau, amma kada ki zubar da su, za a buƙace su a asibiti. Zuma da kurkur da sabulun salo ba sa sauya wa mutum launi. Iyakar kurkur ya ɗan rina fata rawaya, wanka biyu ya fita. Duk sabulun da ya haska ki cikin makonni, akwai abin da aka zuba masa wanda ba a faɗa miki ba, kuma abubuwan da aka saba zubawa uku ne. Akwai sitiroyid, wato maganin da ke cikin 'yan mayukan tub ɗin nan da ake matsewa cikin haɗi, za ki ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone a jikinsu. Akwai haidirokinon, a rubuce Hydroquinone. Sai zaiba, wadda ake cewa makuri. Ƙurajen da suka feso miki, da raɗaɗin rana, da yadda abin ke ƙaruwa idan kin tsaya, duk halin sitiroyid ne: yana sa fata ta yi siriri, ta kuma saba da shi har ta riƙa yin bore idan babu. Baƙin gaɓoɓin yatsu kuwa alama ce da kusan kowane bilicin ke bari. Dokokin NAFDAC sun hana sa sitiroyid da zaiba a kayan kwalliya. Zaiba ce abin tsoro ga mai goyo, domin tana shiga jini ta fata, tana taɓa ƙoda, tana fita a ruwan nono, har a tawul da zanin gado tana maƙalewa.

Umarnin nan na a bar shi minti goma shi ma ɓarna ne mai zaman kanta. Aikin sabulu ya narkar da maiƙo da datti ya bi ruwa cikin minti ɗaya ko biyu. Idan ya daɗe a jiki, ya gama da datti sai ya koma kan maiƙon fatar kanta.

Yanzu ga yadda sabulu yake, domin idan kin gane wannan, kwali ba zai ƙara ruɗa ki ba. Kowane sabulu na gaskiya a duniya abu biyu ne aka haɗa: mai ko kitse, da wani abu mai kaifi da zai dafa man ya mayar da shi sabulu. A sabulun sanda mai tauri, wannan abin soda ce, kostik soda, wadda ake rubutawa Sodium Hydroxide. A sabulun salo, ruwan toka ne. Saboda haka zancen "babu kemikal" ba shi da tushe, ko sabulun da kakanninmu suka dafa a tukunya da ruwan toka aka yi shi, ruwan toka kuwa yana cin hannu. Idan an auna daidai, sodar tana ƙarewa gaba ɗaya cikin man, a samu sabulu da wani abu mai laushi da ake kira gilisarin, wanda ke jawo danshi zuwa fata. Manyan kamfanoni sukan tsame gilisarin ɗin su sayar daban, mai haɗi na hannu kuwa yakan bar shi ciki, wannan ce fa'idar gaskiya ta sabulun hannu.

Matsalar tana wajen awo. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man kaɗanya yana cin kusan giram 128, man zaitun kusan giram 135, manja kusan giram 141, man kwakwa kuwa ya kai giram 180. Wanda ya san aikinsa da sikeli yake awo, sannan ya rage sodar da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari da gangan, don a bar ɗan mai da bai dahu ba ya sassauta sabulun. Bayan nan ya shanya sandunan a inuwa, inda iska ke ratsawa, mako 4 zuwa 6 kafin ya sayar. Mai awo da kofi ko murfin jarka, wadda ta sauya mai don wancan ya yi tsada amma ba ta sauya awon soda ba, sannan ta sayar bayan kwana uku saboda masu oda na jira, ita ce ke fitar da sabulun da ke ƙona fata, ko da kuwa duk kayan da ta zuba masu kyau ne. Soda a sabulu kamar kanwa ce a miyar kuka, dole a sa, amma idan hannu ya zarce ba ta ciyuwa.

Sai mayukan kansu, a nan ne ya kamata ki fi sa ido, tunda ke mai ƙaiƙayi ce.

Man kwakwa da man alayyadi, wato na ƙwallon kwakwar manja, su ne masu kumfa. Suna ba da kumfa mai yawa nan take, suna wanke maiƙo tas, har a ruwa mai gishiri suna kumfa. Amma wanke maiƙon nan tas shi ne ke bar miki fata a ɗaure tana gautsi. A nan Kudu man alayyadi ya fi kowane mai samuwa ga masu haɗa sabulu, don haka da yawa cikin sabulan hannu da ake kira na gargajiya kusan zallarsa ne. Ga wanki wannan daidai ne. Ga jiki mai ƙaiƙayi, waɗannan biyun a haɗe kada su wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na man da ke sabulun, ko mai lafiyar fata ma idan suka haura kashi 30 zai fara jin bushewa.

Manja da aka tace da kitsen shanu su ne ƙashin bayan sanda: tauri, daɗewa, kumfa mai kauri mara hayaniya, kuma ba sa tsananta wa fata. Man kaɗanya da man zaitun su ne masu sanyi, kumfarsu kaɗan ce, sabulun zaitun zalla ma har yauƙi yake yi. Man zurma ana ɗan ɗiga shi, kamar kashi 5, don kumfa ta tsaya. Sandar da za ta dace da ke, misali, ita ce wadda kusan rabinta manja ne ko kitse, kashi 20 alayyadi ko kwakwa, sauran kaɗanya da zaitun. Idan wajen mai haɗawa kike saye, ki tambaye ta kai tsaye: wane mai da wane mai, kashi nawa-nawa, yaushe aka zuba wannan? Wadda ta san abin da take yi za ta ba ki amsa ba tare da ta duba sama ba. Wadda ta ce sirrin sana'a ne, ki yi mata fatan kasuwa ki wuce. Yawan kumfa dai ba shi ne kyan sabulu ba, sau da yawa ma ga fata irin taki akasin haka ne.

To ga karatun kwali. Ki bar gaban, can ne ake zana ganye da zuma da mace mai sheƙi. Ki juya baya inda aka jera kayan haɗi da ƙananan haruffa. Ƙa'idar ita ce ana fara rubuta wanda ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙaranci, don haka sunaye uku ko huɗu na farko su ne sabulun, sauran ƙarashe ne. Duk inda kika ga Sodium a gaba, sunan kuma ya ƙare da "ate", galibi mai ne da soda ta riga ta dafa. Sodium Palmate manja ne. Sodium Palm Kernelate alayyadi ne. Sodium Cocoate kwakwa. Sodium Tallowate kitsen shanu ko na tumaki. Sodium Olivate zaitun. Butyrospermum Parkii man kaɗanya ne, tsohon sunan bishiyar ke nan a wajen masana tsirrai. Idan Palm Kernelate ko Cocoate ne a farkon jeri, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Idan Palmate ko Tallowate ne a farko, ɗayan ya biyo baya, ga Glycerin a kusa da sama, wannan ya yi. Idan kuma kwalin ya cika baki da man kaɗanya, amma kika tarar da sunansa can ƙasa bayan turare da kala, to abin da aka sa bai taka kara ya karya ba.

Akwai suna ɗaya da ya kamata Musulma ta sani: Sodium Lardate, kitsen alade ne. Ya fi fitowa a sabulan hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. Malamai sun yi saɓani kan hukuncinsa bayan ya rikiɗe ya zama sabulu, amma tunda ga zaɓi birjik, babu abin da zai kai ki.

Wasu sunayen suna da ban tsoro a ido amma ba su da laifi. Aqua ruwa ne, Sodium Chloride gishiri ne da ke ƙara tauri. Tetrasodium EDTA da Etidronate suna kama ƙarfen da ke cikin ruwa don kada sabulu ya lalace, a ruwan Legas ma alheri ne. Titanium Dioxide ko CI 77891 farar hoda ce mai sa sabulu fari, duk CI mai lamba a gaba kala ce. Wanda ya fi cancanta ki yi wa kallon tsanaki shi ne mai daɗin suna: Parfum ko Fragrance. Turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi da borin fata a kayan wanka. Na tsirrai ma bai tsira ba. Man kirfa, man kanumfari, na'ana'a da lemun tsami duk daga gona suke, duk kuma suna iya ƙona fatar da ta riga ta yi rauni. Na wata uku masu zuwa, ki nemi wanda ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Haka kuma duk wanda aka cusa wa garin ɓawo, yashi ko dilka don gurza, ki dakata da shi.

A wasu sabulan, musamman na Indiya, za ki ga TFM da lamba. Yawan ainihin sabulun da ke cikin sandar ke nan. A ma'auninsu, 76 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 70 ta biyu, 60 ta uku. Idan lambar ta yi ƙasa, an cike gurbin da ruwa da hoda irin su Talc ko Sodium Silicate. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da adireshin mai yi. Lambar ba ta nufin zai karɓi fatarki, amma tana nufin akwai wanda za a kama idan an samu matsala. Duk inda kika ga Mercury, Mercuric, Mercurous, Calomel ko Hg, zaiba ce, kada ma ki taɓa. Shi ma mai Kojic Acid da ke yawo a kasuwa a matsayin mai sauƙi, na hasken fata ne, yana kuma busarwa.

Kada kuma ganin ƙuraje ya sa ki koma sabulun magani mai kashe ƙwayoyin cuta, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ƙurajenki ba na datti ba ne. A shekarar 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa Triclosan da Triclocarban da wasu sinadarai 17 a sabulan wanka na gida, saboda kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa zalla amfani. Haka ruwan maganin da ake ɗigawa a bokitin wanka har ya yi fari, al'adar da ta kama gidaje da yawa a Legas saboda rashin yarda da ruwa, shi kansa yana cikin masu jawo ƙaiƙayin.

Sabulun salo kuma fa? Ba shi da laifi a kan kansa. Yarabawa suna yin nasu da tokar kwanson koko da ɓawon agada da man alayyadi, mutanen Gana ma haka, wasu su ƙara kaɗanya. Na ainihi ba baƙi ƙirin ba ne. Ruwan ƙasa ne mai duhu, launinsa ba ɗaya ba, yana da laushi, yana marmashewa a hannu, yana warin toka da hayaƙi. Wanda kika gani baƙi sumul mai tauri da ƙamshi, yawanci sabulun kamfani ne aka sa wa gawayi ko baƙar kala. Rauninsa biyu ne. Ƙarfin ruwan toka ba ya zama ɗaya daga tukunya zuwa tukunya, don haka na yau ya yi sanyi, na wata mai zuwa ya yi kaifi. Na biyu, laushinsa ya sa shi ne ya fi sauƙin a daka a cusa masa duk abin da aka ga dama, duhunsa kuma ya rufa asiri. Idan fatarki ta warke kina sonsa, ki sayi ɗanyensa wanda ba a haɗa da komai ba, ki gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ki murza a tafin hannu ya yi kumfa, kumfar za ki shafa, kada ki goga dunƙulen a fuska domin akwai burbushin toka mai kankare fata. Sau biyu ko uku a mako ya isa.

Amma a yanzu, ga shawarar da wataƙila ba ki zata ba. Akwai ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren toka da kanwa. Fatar mutum tana wajen 5. Kowane sabulu na gaskiya, komai kyansa, komai tsadarsa, yana tsakanin 9 da 10, ba a kuma iya sauko da shi ya ci gaba da zama sabulu. Lafiyayyar fata tana jurewa, ta koma daidai cikin 'yan sa'o'i. Fatar da sitiroyid ya cinye ba ta da wannan ƙarfin. Akwai wasu sanduna masu kamar sabulu da ba sabulu ba ne, ana samunsu a manyan kemis da kantuna, ma'auninsu tsakanin 5.5 da 7. Za ki gane su da Sodium Cocoyl Isethionate a farkon jeri, ko a rubuta pH 5.5 a kwali. Ba na gargajiya ba ne, a masana'anta ake yin su, amma su likitocin fata ke bai wa mai irin matsalarki. Ki yi wata biyu zuwa uku da mara ƙamshi daga cikinsu, sannan ki koma sandar manja da kaɗanya idan kina so.

Duk wanda kika saya, ki gwada kafin ki game jiki da shi. Ki yi kumfa ki shafa a cikin damtse, wuri kamar faɗin murfin kwalba, ki bar shi minti biyu ki ɗauraye, safe da yamma har mako guda. Wasu borin ba sa fitowa sai bayan kwana biyu ko uku, shi ya sa gwajin rana ɗaya ba ya wadatarwa. Idan na hannu ne, ana sayar da 'yar takardar awon pH a shagunan kayan haɗa sabulu irin na Ojota. Ki jiƙa sandar, ki ɗora takardar kan kumfar, ki gwada launin da na jikin fakitin. 9 ko 10 daidai ne, 11 zuwa sama soda ta yi yawa, ki mayar da shi na wankin tsumma. Masu haɗi suna ɗanɗanawa da harshe, ke kada ki yi haka da sabulun da ba ki san cikinsa ba. Farar ƙura a saman sanda ba komai ba ce, tana fita da ruwa. Amma idan kin yanka kika ga fararen dunƙule masu tauri ko ramuka masu ruwa a ciki, soda ce da ba ta narke ba, tana ƙuna. Ɗige-ɗige ruwan lemo da warin tsohon mai kuwa alamar man da ke ciki ya lalace ne, hakan na saurin faruwa da sabulun da aka yi da man waken suya ko aka ajiye a wuri mai zafi da laima.

Ki lura, ƙaiƙayinki ya riga sabulun Yaya zuwa, don haka sai an duba ruwa da yadda kike wanka. Ruwan burtsatse da na 'yan garuwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, wani da ƙarfe har yana rina bokiti ja, na wajen Lekki da Ajah kuma wani da ɗan gishiri. Ga gwaji mai sauƙi: ki samu gora biyu, ɗaya ki zuba ruwan gidanku rabi, ɗaya fiya wata, ki kankara sabulu daidai wa daida a kowace, ki girgiza. Idan ta gidanku ta yi fari kamar tsinkakken nono, kumfa kaɗan, ga wani dusa-dusa yana yawo, to ma'adinan ruwan suna kama sabulun, wannan dusar kuma ita ke kwanciya a fata ta sa ƙaiƙayi. Irin sandar nan mai pH 5.5 ba ta yin wannan dusar sosai. Ki riƙa tara ruwan wanka ya kwana, ki tsiyaye na sama. Akwai kuma mutanen da taɓa ruwa kawai ke sa su ƙaiƙayi kamar ana tsira musu allura, ba ƙurji ba komai, na minti goma zuwa rabin sa'a, ya fi yawa da ruwan sanyi ko na sama. Idan haka naki yake, ki sirka ruwan ya yi ɗumi, ba zafi ba.

Soson raga ki ba shi hutu, tafin hannu ko tattausan ƙyalle ya isa. Zafin Legas yana sa wanka biyu ko uku a rana, babu laifi, amma sabulu sau ɗaya a duk jiki, sauran ki tsaya ga hammata da matsematsi da ƙafa. Kada wankan ya wuce minti biyar zuwa goma. Ki dangwale ruwan da tawul ba gurzawa ba, ki shafa man kaɗanya zalla ko basilin mara ƙamshi cikin minti uku tun jiki na da danshi. A fuska ki sa kaɗan ƙwarai saboda ƙurajen. Ki guji rana tsakar yini gwargwadon iko, ki riƙa ɗaukar lema, domin fatar da aka yi wa bilicin idan rana ta buge ta, baƙin da za ta yi sai ya fi na da.

Shi kuma sabulun hannu a laimar Legas, za ki ga yana tsattsafo da ruwa kamar gumi, musamman da damina. Gilisarin ne ke jan danshin iska, bai lalace ba. Ki yanka sandar biyu, ki naɗe rabi a takarda ki ajiye a ɗaki, wanda kike amfani da shi kuma ki sa a mazubi mai huji, ki fito da shi daga banɗaki bayan wanka. Kada ki saya da yawa ki tara.

Yarinya kuwa, kada sabulun salo ko wani haɗi ya taɓa ta, fatar jariri ta fi ta babba siriri nesa ba kusa ba. Ruwa mai ɗumi kullum, da ɗan abin wankan jarirai mara ƙamshi a wuya, hammata da wajen kunzugu. Ki ware mata tawul da baho nata. Tawul da zanin gadon da kika yi amfani da su a watannin nan ki wanke su da kyau, daban da kayanta. Kada ki yaye ta ko ki dakatar da nono da kanki saboda abin da na faɗa, wannan hukuncin likita ne bayan awo.

Batun Yaya. Mai yiwuwa ita ma ba ta san abin da ke cikin kwalaben da take sayowa ba, yawancin masu wannan sana'a a waya suka koya, aka ce musu ga mai sa haske na oganik, suka zuba. Don haka kada ki tunkare ta da zargi, kada kuma maganar ta fara fita ta bakin wasu matan gidan. Ki fara sanar da maigida, ki nuna masa hannunki da fuskarki, ku je asibiti. Bayan nan abin da za ki faɗa mata gaskiya ne tsantsa: "Yaya, likita ya hana ni duk wani haɗi saboda shayarwa." Babu dangin miji da zai ja da lafiyar 'yarsu. Idan kina so ki riƙe zumuncin ciniki, nan gaba ki roƙe ta ta samo miki ɗanyen sabulun salo da man kaɗanya mai kyau, ki biya. Idan kuma awo ya nuna akwai abin cutarwa a haɗin, to ya zama dole a gaya mata, domin akwai wasu matan da ke saye, ita ma hannunta a ciki yake kullum. Wannan maganar ƙaninta ya fi dacewa ya yi mata, a keɓe, da takardar asibiti a hannu.

Ki nemi ganin likitan fata cikin makon nan. Asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi kusa da ku, akwai kuma LUTH a Idi-Araba, ko ki fara da babban asibitin da ke kusa su tura ki. Ki tafi da sabulun da man a mazubinsu, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi, ko fuska kaɗai kike shafawa ko duk jiki, ki kuma ce kina shayarwa. Ki sa rai cewa makonni biyu zuwa huɗu na farko fuskar za ta ƙara ja da zafi da ƙuraje kafin ta lafa, launinki kuma zai dawo, wani wurin ya riga wani. A wannan lokacin ne mata da yawa ke karaya su koma wa haɗin. Likita na iya ba ki magani mai sauƙi da za ki sauka a hankali, kada ki sayi wani tub a kemis da kanki. Idan kuwa kika ga fuska ko ƙafa na kumbura, fitsari na kumfa sosai, hannu na rawa, ko kasala mai tsanani da jiri da amai bayan kin daina, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti a ranar, ki tafi da yarinyar a duba ta ita ma.